Bayan shanyewar ɓarin jiki: Wa ya ce wata shida ne iyakar samun sauƙi?

Da wuya a sami ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja da ba ta da irin wannan labari. Ma'aikaci ne da ya haura shekara hamsin, ya daɗe yana fama da hawan jini, wata safiya yana shirin fita aiki bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda suka saki. Aka garzaya da shi asibiti, Allah ya yi da sauran kwana a gaba. Abokan aiki suka yi karo-karo, ƙungiyar ma'aikata ta aika wakilai dubiya, aka yi makonni ana kai shi sashen gashi. Daga nan ƙafa ta fara ɗaukewa. Bayan shekara guda, wanda ya je gaishe shi a Kubwa ko Nyanya zai tarar da shi a kan kujera ɗaya a falo, sanda a jingine a gefe, idan zai zagaya sai an kira yaro ya riƙe shi. Da an tambayi iyali yaya jiki, amsar kusan guda ce: an ce abin da ya dawo cikin wata shida na farko shi ne ya dawo, saura sai haƙuri.

Haƙuri wajibi ne ga duk wanda cuta ta sama, amma wannan magana ta wata shida kuskure ce, kuma kuskure mai tsada. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana iya ƙara ƙarfin tsayuwa da daidaiton tafiyarsa ko da an shekara ɗaya ko biyu ko fiye da faruwar abin, muddin ya sami atisayen da ya dace a hannun wanda ya san aikin. Saboda haka iyalan da suka naɗe tabarmar magani a wata na shida sun yi gaggawa, haka ma duk wani tsarin inshora ko na aikin gwamnati da ya ɗauki wannan wa'adi a matsayin ƙarshen alhakinsa.

Maganar tana da tushe, shi ya sa ta kama. Gaskiya ne cewa mafi saurin farfaɗowa yana faruwa a makonnin farko zuwa wata uku, lokacin da kumburin ƙwaƙwalwa ke sauka, sassan da suka firgita amma ba su mutu ba suke komawa bakin aiki. Bayan wata shida wannan sauƙi da ke zuwa da kansa yana raguwa ƙwarai, shi ne ma dalilin da ya sa masana suka sanya wannan wa'adi a matsayin farkon matakin da cutar ta zama daɗaɗɗiya. Abin da aka rasa wajen isar da bayanin ga marasa lafiya shi ne cewa sauƙin da ke zuwa da kansa daban, ƙwarewar da ake samu ta hanyar horo kuma daban. Ƙwaƙwalwa ba ta daina koyo. Idan aka maimaita motsi sau ɗaruruwa, tana shimfiɗa sabbin hanyoyin saƙo, tsokar da aka sa aiki tana ƙara ƙarfi, mutum kuma yana koyon dabarun sarrafa jikin da yake da shi yanzu.

Tsayuwa a kan ƙafa biyu ba ƙaramin aiki ba ne, lafiya ce ke sa a manta da haka. Ƙwaƙwalwa tana karɓar rahoto daga ido, da daga can cikin kunne inda ma'aunin karkata yake, da daga tafin ƙafa da gaɓoɓi, sannan ta haɗa su ta umarci tsokoki su gyara tsayuwa tun kafin mutum ya ankara cewa ya karkata. Shanyewar ɓarin jiki tana iya taɓa kowane mataki na wannan aiki. Ƙafar da abin ya shafa takan yi rauni ko ta sandare, wani lokaci ba ta jin ƙasa sosai, yatsunta kuma suna jan ƙasa idan ana tafiya. Sai mai ciwon ya koma ɗora yawancin nauyinsa a kan lafiyayyar ƙafar. Wannan dabara tana taimakonsa a kwanakin farko, amma idan ta zama ɗabi'a, raunanniyar ƙafar ba ta samun aikin da zai farfaɗo da ita, kuma ranar da ya yi tuntuɓe ba za ta yi saurin taku ta tare shi ba.

Sakamakon haka shi ne faɗuwa. Wani bincike da aka yi a yankin Bradford na Ingila, aka wallafa a 1995, ya bi diddigin tsofaffi 108 da aka sallama daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, ya tarar kashi 73 cikin ɗari sun faɗi aƙalla sau ɗaya cikin wata shida. Idan faɗuwar ta kai ga karayar ƙashin ƙugu, galibi a ɓarin da ya shanye take faruwa, domin ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi yana rage ƙwari, hannun wannan gefen kuma ba ya iya dafa ƙasa ya rage ƙarfin bugun. Duk wanda ya san gidajen ma'aikata a Lugbe ko Karu ko Mararraba ya san tarkunan da ke ciki: tayil mai santsi a banɗaki, masai na tsugunno, kwata a ƙofar gida da sai an tsallake, duhun da ke biyo bayan ɗauke wuta, har da bakin babbar riga ko zani da ke harɗe ƙafa. Wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya kuwa tsoro ne ke shiga zuciyarsa, ya rage tashi, tsoka ta ƙara saki, faɗuwa ta gaba ta ƙara matsowa. Kifi ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, kuma babu wanda maganar ta fi dacewa da shi kamar wannan bawan Allah.

Hujjar cewa atisaye yana aiki a wannan mataki ba zato ba ce. A 2016 masu bincike daga ƙasar Holan suka wallafa wani nazari a mujallar Stroke ta Amurka, inda suka tattara gwaje-gwaje 43 da aka yi a kan mutanen da suka wuce wata shida da kamuwa da cutar. Sun tarar cewa waɗanda aka yi wa horon motsa jiki sun fi takwarorinsu samun ci gaba a ma'aunan daidaiton jiki, kuma nau'in horon da ya fi ba da sakamako shi ne na tsayuwa da sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, da kuma na koyon tafiya. Ma'ana, daidaito yana ƙaruwa ne idan daidaiton kansa aka horar. Murza kafaɗa ko lanƙwasa gwiwa alhali mutum yana kwance yana da nasa amfanin, amma ba ya koya wa kowa tsallake dokin ƙofa.

A nan akwai matsala a cikin kalmar da aka saba amfani da ita. Idan Bahaushe ya ji an ce gashi, abin da ke zuwa masa a rai shi ne zafi da tausa da shafe-shafe, wato abin da ake yi wa majinyaci yana kwance. Shi ya sa iyalai da dama suke ganin sun sauke nauyi idan an samu mai tausa yana zuwa gida, ko ana gasa ƙafar da ruwan zafi, wanda ma haɗari ne ga fatar da ba ta jin zafi yadda ya kamata, domin tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Aikin likitan gashi a wannan mataki ya fi kama da na mai horar da 'yan wasa. Majinyacin ne ke yin aikin, shi ne ke gumi, shi kuwa ƙwararren yana tsara darasin, yana tsare shi daga faɗuwa, yana ƙara wahalar aikin daidai da ƙarfinsa.

Darussan kansu ba baƙi ba ne. Akwai tashi daga kujera da komawa a hankali, ƙafafu biyu suna ɗauke da nauyi daidai, a maimaita sau da yawa, daga baya a rage tsayin kujerar ko a daina dafa hannu. Akwai tsayuwa kusa da tebur mai ƙarfi ana karkata nauyi zuwa raunanniyar ƙafa, ana miƙa hannu a ɗauko kofi daga gaba da gefe da ƙasa. Akwai taka matakala ɗaya da sauka, da tafiya gefe-gefe, da juyawa, da tsallake ƙananan abubuwa, da tafiya a kan yashi ko ciyawa bayan an saba da siminti. Idan an yi nisa, akan sa mutum ya yi tafiya yana ƙirga lissafi ko yana ɗauke da kwano, domin a rayuwa ta gaskiya babu wanda ke tafiya hankalinsa duka yana kan ƙafarsa. Ga mai ibada, komawa sahun salla a tsaye, da ruku'u da ɗagowa ba tare da tangaɗi ba, buri ne da za a iya tsara horo a kansa mataki-mataki, kuma irin wannan buri ya fi riƙe mutum a kan atisaye fiye da umarnin likita kawai.

Ci gaban kuma abin aunawa ne. Akwai ma'aunin da wata ƙwararriya 'yar Kanada, Katherine Berg, ta fito da shi a 1989, mai ɗauke da ayyuka 14 da jimillar maki 56, wanda ba ya buƙatar abin da ya wuce kujera da matakala da agogo da abin awo. Akwai kuma gwajin da ake ɗaukar lokacin da mutum zai tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. Wanda aka auna a farkon wata aka sake aunawa a ƙarshensa zai ga lamba a takarda, ba sai ya dogara da "da sauƙi" da ake faɗa don ladabi ba. Dangane da yawan atisayen, shawarar da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar a 2014 ita ce motsa jiki mai sa numfashi ya ɗan hau na minti 20 zuwa 60, kwana 3 zuwa 5 a mako, wanda za a iya rarraba shi minti goma-goma, sai horon ƙarfin tsoka da na daidaito kwana 2 zuwa 3 a mako.

Wani zai ce wannan zancen ƙasashen da ke da manyan na'urori ne. Amurkawa da kansu sun gwada wannan tunani. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2011, mai mutum 408, an kwatanta horo a kan na'urar tafiya mai tsada, wadda ke ɗauke wani ɓangare na nauyin majinyaci, da atisayen ƙarfi da daidaito da likitan gashi ke zuwa gida ya jagoranta. Bayan shekara guda na'urar ba ta fi ba, kusan rabin mutanen kowane rukuni sun haura zuwa matakin tafiya mafi kyau. A cikin rukunonin har da wanda bai fara horon na'urar ba sai da ya cika wata shida, shi ma ya cim ma sauran. Abin lura shi ne yawan aikin: zama 36 na minti 90 kowanne, cikin mako 12 zuwa 16. Darasin da ke ciki ga Najeriya a bayyane yake. Abin da ya fi ƙaranci a nan shi ne lokacin ƙwararre da kuma ɗorewar zaman, kuma waɗannan sun fi sayo na'ura daga waje sauƙin samarwa.

Dole a faɗi iyakar abin kuma. Atisaye ba ya mayar da kowa yadda yake kafin ciwo, kuma ƙarin da ake samu a ma'auni sau da yawa matsakaici ne, 'yan maki kaɗan. Sai dai 'yan makin nan su ne tazarar da ke tsakanin wanda sai an riƙe shi zuwa banɗaki da wanda ke zuwa da kansa. Haka nan wanda ya fara yawan tashi da tafiya yana ƙara haɗuwa da abin da zai kayar da shi, saboda haka horo ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da gyaran gida, da takalmi mai kama ƙafa, da duba ido, da bitar magungunan da ke sa jiri. Ba a fara atisaye sai likita ya duba zuciya da hawan jini da suga, kuma ciwon ƙirji ko jiri ko sarƙewar numfashi ko sabon rauni a jiki alamu ne na a tsaya nan take a nemi asibiti. Bidiyon da aka gani a waya ba ya maye gurbin wanda aka horar kuma Hukumar MRTB ta yi wa rajista, wato hukumar da aka kafa tun 1988 don kula da masu wannan sana'a a Najeriya.

Iyali suna da nasu rabon a cikin matsalar, kuma ƙauna ce ke jawo shi. Matar da ke cewa "Alhaji zauna, bari a kawo maka," da ɗan da ke ruga wa mahaifinsa da buta tun kafin ya yunƙura, ba su nufin komai sai alheri. Amma kowane aikin da aka karɓe daga hannun majinyaci alhali yana iya yinsa, ko da a hankali, darasi ne aka hana ƙwaƙwalwarsa. Taimakon da ya fi shi ne a tsaya a gefensa mai rauni, a bar shi ya tashi da kansa, a jure ganin yana ɗaukar minti biyar a aikin da a da yake yi cikin daƙiƙa goma. Wannan haƙurin ya fi na zama a jira wuya, shi ne kuma wanda ke haifar da sakamako.

Batun ya shafi ma'aikatan tarayya kai tsaye. Ƙungiyar Yaƙi da Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya, wadda ke tunawa da cutar a ranar 29 ga Oktoba kowace shekara, ta ce mutum ɗaya cikin huɗu da suka haura shekara 25 zai gamu da ita a rayuwarsa. Binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Ghana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ke cikin jagororinsa, ya nuna hawan jini ne kan gaba cikin abubuwan da ke haddasa ta a wannan yanki, inda take kama mutane da dama suna tsakiyar shekarun aiki. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki. Wanda abin ya same shi yana da shekara 48 yana da sauran shekaru masu yawa na hidima, kuma sau da yawa hankalinsa da ƙwarewarsa suna nan daram, ƙafa ce kawai ta hana shi hawa bene. Idan gwamnati ta bar shi ya zauna har kwamitin likitoci ya ba da shawarar sallamarsa, ta yi asarar shekaru ashirin na gogewa saboda ta kasa biyan kuɗin horon wata huɗu.

Hadiman ministoci da na 'yan majalisa sun fi kowa sanin yadda abin yake idan ya faɗa kan babba. Su ne ke neman biza, su yanki tikitin Indiya ko Masar ko Jamus, su tanadi masauki na watanni, kuma babban abin da ake yi wa maigidan a can shi ne irin atisayen da aka zayyana a sama, kullum, ba fashi. Ma'aikaci mai matakin albashi na takwas ba shi da wannan gata. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin motar da za ta ɗauko wanda ba ya iya shiga bas daga Suleja ko Gwagwalada zuwa tsakiyar birni sau uku a mako ya isa ya cinye albashi kafin a zo ga kuɗin zaman gashin kansa. Yawancin waɗanda suka daina zuwa ba gajiya suka yi ba, aljihu ne ya ƙare.

Gyaran yana hannun mutanen da ke rubuta takardun shawara da kasafi a wannan birni. Dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, a 2022 ta wajabta inshora ga kowa, saboda haka ya kamata hukumar ta ɗaure biyan kuɗin gashi da ci gaban da ake aunawa, a ci gaba da biya matuƙar maki yana ƙaruwa, a kuma buɗe ƙofar sake komawa ga wanda jikinsa ya ja baya bayan shekara. Hukumar babban birnin tarayya tana iya kai likitocin gashi cibiyoyin lafiya na matakin farko a garuruwan da ma'aikata suke kwana, inda ƙwararre ɗaya zai jagoranci ajin mutum shida ko takwas a ɗaki mai kujeru da ƙarfen riƙewa, ya kuma koya wa iyalai abin da za a ci gaba da yi a gida. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya kuma yana iya fitar da sanarwar da ta ba wanda ke murmurewa damar komawa aiki a hankali, da sa'o'in zuwa gashi ba tare da an rubuta masa fashi ba, da ofis a hawa na ƙasa. Wannan na ƙarshe ma ba alfarma ba ce, domin dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su zama masu shiguwa ga kowa, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024.

Za a ce likitocin gashi sun yi kaɗan, waɗanda ake da su ma suna ficewa ƙasashen waje. Gaskiya ne, amma ƙasar da ta fara ba da digiri a wannan fanni a Ibadan tun 1966, kuma jami'o'i irin su Bayero ta Kano da ta Maiduguri suke yaye ɗalibansa, ba za ta ce ba ta da tushe ba. Guraben aiki da albashin da zai riƙe su ne ake buƙata. Najeriya tana cikin ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya da babban taronsu ya amince a Mayun 2023 da ƙudurin shigar da aikin farfaɗo da marasa lafiya cikin tsarin kiwon lafiya tun daga matakin farko. Cika wannan alkawari ya fi arha a kan tiyatar ƙugu guda ɗaya da jinyar watannin da ke biyo bayanta, balle ɗiyar da ta bar makaranta ko matar da ta bar sana'a don zaman jinya.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da kowane abokin aiki zai iya yi. Wanda ya san wani da aka daina kai wa gashi saboda an ce lokaci ya wuce, ya kai masa wannan labari, ya taimaka a kai shi sashen gashi na asibitin gwamnati mafi kusa a sake auna shi, a rubuta masa tsarin atisaye na gida, a sa ranar komawa. Karo-karon da aka yi a makon farko ya biya kuɗin gado da magani. Na biyu, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba, shi ne zai biya kuɗin mota zuwa zaman gashi a wata na takwas da na goma sha biyu, lokacin da masu dubiya suka watse amma ƙafar tana nan tana iya koyo.